A Zo A Duba Koramarmu Tun Tana Bushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi maganar ambaliya, ko da yake na san wasu masu karatu za su ce wannan dattijo lissafin watanni ya ɓace masa. Muna tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari, kowa na neman bargo da man shafawa, shi kuma ya zo da zancen ruwa. Da gangan na yi. A watan Agusta jaridu da gidajen rediyo ba su da labarin da ya wuce ruwa ya ci gari kaza, gada kaza ta karye. Amma a lokacin mai gyara ba shi da abin yi, tunda wurin da zai gyara yana ƙarƙashin ruwa. Yanzu da koramu suka bushe, mutum zai iya tsayawa tsakiyarsu da takalminsa ya auna, ya haƙa, ya zuba kankare, yanzu ne kuma kowa ya yi gum.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya na koma gona a wani ƙauye na ƙasar Daura. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ko na ƙaramar hukumar ba, don ba tonon silili na zo yi wa kowa ba, kuma mutanen ƙauyuka da yawa za su iya cire namu su sa nasu ba tare da maganar ta canza ba. Gidana ne na ƙarshe ta yamma, daga shi sai gonaki, sai korama. Hanyar burji guda ɗaya tak ta haɗa mu da kwalta, ita ma dole sai ta ƙetare wannan korama. Asibiti yana wancan ƙetaren, kasuwa tana can, makarantar sakandare tana can, mai sayar da taki ma yana can.

Wanda ya zo yau ya ga koramar zai yi mana dariya. Farin yashi ne a shimfiɗe, yaro mai ƙarfi zai jefa dutse ya tsallake faɗinsa. Da yamma yara na buga ƙwallo a ciki, mata na tona ƙananan ramuka a gefe suna kwalfar ruwan wanki, jakuna na birgima. Mafi yawan shekara haka take. Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce mini su can da sanyi ne rafuka ke cika su hau kan hanya, saboda a lokacin ruwan sama yake jiƙa ƙasa har ta ƙi sha. Mu namu sanyin ƙura kawai yake kawowa. Ruwanmu na shekara a nan arewacin Jihar Katsina, wanda yake kai-komo wajen milimita 600 zuwa 700, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, kaso mafi tsoka kuma na Agusta ne. Idan aka kwatanta da kudancin ƙasar nan, ruwan ba shi da yawa. Zuwansa a dunƙule ne ke cutar mu, abin da ya kamata ya sauka cikin sati sai ya sauka cikin sa'a biyu.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, ba sai an yi ruwa a kanmu korama ke kawowa ba. Sai ka ga rana tsaka sama garau, ko ɗigo bai sauka a garin ba, amma can arewa maso gabas hadari ya yi baƙi ƙirin. Bayan ɗan lokaci sai ka ji wani gunji daga nesa. Tsofaffi sun san shi, da sun ji sai su hau ƙwala wa yara kira, “Ku fito, ta kawo!” Goshin ruwan ja ne wur, ɗauke da kara da ƙaya da kumfa da leda, wani lokaci har da kaza ko tunkiya. Kafin ka kwance akuya daga turke ya kai gwiwa, kafin ka kira maƙwabci ya kai ƙirji.

Shekarun baya an yi mana kwalbati, kuma ranar da motar kaya ta iso har guɗa mata suka yi. Zobban siminti ne, layi biyu, faɗin bakin kowanne santimita 60. Aka jera su a tsakiyar korama, aka yi musu ɗan bango gaba da baya, aka cike sauran faɗin koramar da jar ƙasa aka daddanne, hanya ta bi ta kai. Tun ana cikin aikin, wani dattijo da gonarsa ke bakin wurin tun zamanin iyayensa ya je ya sami mai kula da leburori, ya ce masa, “Ɗana, wannan ƙofar ta yi wa ruwan nan kaɗan.” Ya kama hannunsa ya kai shi gindin wata tsamiya da ke gaɓa, ya nuna masa tabon da ruwa ke bari a jikinta kowace shekara. Aka ce masa, “Baba, haka zanen ya zo daga ofis.” Ya ce to, Allah ya sa alheri, ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.

Makon jiya na je na zagaya kwalbatin. Layin farko yashi ya toshe shi har baki, ko ɓera ba zai wuce ba. Na biyu ya cika rabi, ragowar kuma kara ne da leda da wani saiwar itace da ruwa ya cusa ya kasa fitarwa. Ta ɓangaren da ruwa ke fita, tunda ba a yi daɓen kankare da zai tarbe shi ba, faɗuwar ruwan ta haƙa rami da ya fi tsayina, bangon yana rataye a kansa, ƙarƙashinsa fayau, kana iya zura hannu ka taɓa cikin zoben ta ƙasa. Shi kuwa ruwan, da ya zo ya tarar an tare shi, sai ya taru a baya har ya hau gonaki, sannan ya nemi inda ya fi laushi, ya yanke jar ƙasar ta gefen gabas ya tafi da ita. Damina ta gaba ya kwashe ta yamma. Yau kwalbatin yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar yashi, ba hanya a gabansa ba hanya a bayansa. Da rani motoci na gangarawa su wuce ta gefensa, yara kuma sun mai da kansa wurin zaman shan rake.

Lissafi na koyar, saboda haka a yi mini haƙuri in ɗan taɓa allo. Idan ruwan sama na milimita 1 ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan. Ruwan milimita 50, irin wanda ake yi a dare ɗaya cikin Agusta, ya zama lita 500,000 a hekta ɗaya kacal, wato wajen tankar mai 15 irin mai ɗaukar lita 33,000. A ce gonaki da dajin da ke juye ruwansu cikin korama hekta 300 ne, a ce kuma ƙasa ta shanye kashi uku cikin huɗu, abin da ya rage ya haura lita miliyan 37. Kowace lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne. Wannan ne aka ce ya bi ta bakin zobe biyu da yaro ɗan shekara goma sai ya rarrafa zai shiga. Ko a tsakanin zobban ma akwai bambanci da ido ba ya gani: mai faɗin santimita 90 bakinsa ya ninka na mai 60 fiye da sau biyu, kwalbati mai kusurwa huɗu kuma, mita 2 tsawo mita 2 faɗi, ƙofarsa ta kai ta ƙananan zobba 14. Ɗan aji shida zai iya wannan lissafin. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda zane zai fito daga ofis ba tare da wani ya zo ya tambayi inda ruwan ke kaiwa ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in faɗi abin da wannan ke jawowa, don kada a ɗauka ƙorafin masu motoci ne. A daminar da ta wuce, wani dare cikin Agusta, matar maƙwabcina naƙuda ta yi mata tsawo. Ungozoma ta yi iya yinta, ta ce a kai ta asibiti. An yi ruwa tun magariba, korama ta cika ta batse. Aka kira mai mota ta waya daga wancan ƙetare, bawan Allah ya zo ya tsaya a gaɓa ya haska fitilunsa, muna ganinsa yana ganinmu. Wani saurayi da ya iya ruwa ya ɗaura igiya a ƙugu ya gwada, ruwan ya kwashe ƙafafunsa, da ƙyar aka jawo shi. Haka muka zauna a bakin gaɓa, matar tana kwance a kan amalanke an lulluɓe ta da leda, uwar mijin tana riƙe da kanta tana karanta duk addu'ar da ta sani, mijin yana sintiri yana haska ruwan da tocila yana duba wani kara da ya kafa ya ga ko ya fara ja baya. Sai gab da asuba ya sauko zuwa ƙugu. Aka ɓalle ƙyauren wani ɗaki aka kwantar da ita a kai, samari suka ɗauka a ka, wasu suka riƙe igiya ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, aka ƙetare taku-taku. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Abin da ta haifa bai zo da rai ba. Ba na jayayya da ƙaddara, rai na Allah ne, amma addinin nan da ya koya mana tawakkali shi ya ce a fara ɗaure raƙumin.

Wannan shi ne babba. Ƙananan kuwa ba sa ƙirguwa. Ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci. Idan korama ta kawo daren Asabar, sai ka ga mutane jere a gaɓa da awaki da kaji da buhuna suna jira, kafin ruwa ya janye kasuwa ta watse. Samari sun sami sana'a, mutum huɗu su ɗaga babur a kafaɗa su ƙetare da shi a ba su naira ɗari biyar, ɗan acaɓa kuma ya ɗora wa fasinja. Mai a-kori-kura ba ya yarda ya shigo daga Yuli har ƙarshen Satumba, saboda haka taki sai a kai ko a jaki, kuma manomi ya san gero ba ya jiran taki, idan lokacin ya wuce ya wuce. Dillalin da ya daure ya shigo sayen dabba shi ke yanka farashi, ya san ba ka da inda za ka kai. Malaman makarantarmu da yawa a cikin gari suke kwana, ba zan ga laifin wanda ya zo gaɓa ya ga ruwa ya juya ba, na yi aikin na san albashin bai kai a sayar da rai a kansa ba. Haka ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara ’yan ƙasa da shekara biyar, wanda wata-wata ake bayarwa a cikin damina, daidai lokacin da hanya take yankewa. Idan ruwa ya koma baya ya shiga unguwa, katangun ƙasa su jiƙe su zube, masai ya rufta, ƙazantar ta gangara rijiya, sai amai da gudawa ya biyo baya. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi a jihohin Arewa a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mutanen Jihar Katsina ba su manta da Jibiya ba. Daren Lahadi 15 ga Yuli 2018, ranar da aka buga wasan ƙarshe na cin kofin duniya, ruwa ya sauka a garin, kafin gari ya waye an rasa rayuka fiye da 40, ɗaruruwan gidaje sun rushe. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo jaje da kansa. A 2022 kuma ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, maƙwabtanmu na Jigawa na cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. Irin waɗannan ana ƙirga su, ana ɗaukar hoto, kuma ya kamata a yi. Irin namu ne ba ya shiga lissafin kowa: jariri ɗaya a nan, makiyayi ɗaya da shanunsa biyu a can, ɗan makaranta da santsi ya kwashe a wata korama da ba ta da suna a taswira. Da za a tattara na ƙauyukan ƙananan hukumomi 34 na jihar nan a damina ɗaya, na tabbata da an kira taron gaggawa.

Kayan agaji kuwa an kawo mana, ba zan ɓoye alheri ba. Shinkafa, tabarmi, barguna, da bandir na kwano ga waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Allah ya saka. Sai dai motar agajin ita ma a wancan ƙetaren ta tsaya, a ka muka ɗauko kayan, jami'an suna tsaye sun naɗe ƙafar wando suna kallon kwalbatin da idonsu. Wannan shi ne ihu bayan hari. Shinkafar ta ƙare kafin a yanke gero, koramar kuma tana nan inda take. Ina ma mai rabon zai zauna ya haɗa kuɗin agajin da ake kai wa ƙauye ɗaya shekara bayan shekara, ya ajiye shi kusa da kuɗin mashigi ɗaya mai ƙwari, ya ga wanne ya fi.

Kada kuma a ce na ɗora wa hukuma komai na wanke mutanenmu. Koramar nan da muka taso muka gani ba ta kai haka faɗi da zurfi ba, kuma da hannun mutane ta zama abin da ta zama. Masu tifa suna shigowa da rani su kwashi yashi dab da mashigi, wasu ’yan gari su karɓi na goro su kau da kai. Duk ramin da aka bari, ruwa zai zo ya ci gaɓa da gindin kwalbati don ya cike shi. Itatuwan da ke riƙe da bakin koramar, marke da ƙirya da kanya, sun tafi a buhunan gawayi. Manoma suna huɗa har leɓen gaɓa, taku ɗaya ba sa bari, wasu ma kunyoyinsu sun miƙe ne daga tudu zuwa gangare, kowace kunya ta zama lambatu. Burtalin da shanu ke bi an matse shi da gonaki ta kowane gefe har ya zama siririn lungu, kofato ya tona shi, ruwa ya same shi a shirye, yau kwazazzabo ne da ke juye yashi cikin korama. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, waɗanda ke shanye ruwan unguwa, an cike su da shara an yanka filaye an sayar. Ruwan da ke kwana a cikinsu da, yanzu a tsakar gidan mutane yake kwana. Idan ka yi magana a ce kana baƙin ciki da arzikin wani.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Duk mai ƙetara iyaka ta Kongolam ya nufi Matamaye, ko ya shiga ƙasar Magarya, ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, sai su zaɓi mai ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya girma, abin da suke kira sassaben zamani. Ta wannan hanya an farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. A wuraren da ƙasa ta yi fako suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a gangare, suna jera duwatsu a gicciye, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya ruga. Ƙasarmu ɗaya da su, yarenmu ɗaya, har auratayya muke yi. Gamba da iyayenmu ke shukawa a iyakar gona, da jema da ke fitowa a fadama, saiwarsu tana riƙe gaɓa fiye da yadda ake zato, kuma ba a sayen su da dala. Wannan ɓangaren namu ne, dagatai da masu unguwanni da limamai su ne za su tsaya a kai, musamman hana ɗibar yashi kusa da mashigi da barin ’yan taku a bakin korama ba a noma ba.

Amma siminti da rodi da injiniya sun fi ƙarfin talaka, kuma doka ta faɗi mai alhakin. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Akwai asusun kula da muhalli da ake warewa daga kuɗin tarayya saboda zaizayar ƙasa da ambaliya. Akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa, kuma Katsina na cikin jihohin da ke ciki. Akwai ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da kula da magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ƙofofin suna da yawa ke nan. Roƙona ga jaridarka, Malam Edita, shi ne ta aika wakili ya tambayo mana, a buga da Hausa ƙarara: ƙauye irin namu ta wace ƙofa yake shiga, wa ake kai wa takarda, a wane wata ake rufe karɓa? Wanda ke da ɗa a babban ofis ya san amsar. Mu da ba mu da shi, jarida da rediyo ne gatanmu.

Haka nan hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da na wuraren da ake fargabar ambaliya da hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, ke fitarwa kafin ruwa ya sauka. Aiki ne mai amfani. A taimaka a fassara shi, a karanta a gidajen rediyo da sunan kowace ƙaramar hukuma, a aika wa hakimai su sauke wa dagatai, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a. A haɗa da gargaɗin da kowane ɗan acaɓa ya kamata ya haddace: ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa har manya yana tafiya da su. Samarinmu da ido suke auna zurfi, su manta da ƙarfin gudu da kuma ramin da ruwa ya haƙa a ƙasa ba a gani.

Abin da muke nema bai kai gada ba, kuma wannan ne nake so masu zane su saurara. Korama irin tamu mai faɗi ce, mai yashi, ruwanta na sa'o'i ne ba na kwanaki ba. Irin wannan ba ta son a tare ta da tudun ƙasa. Akwai mashigin da ake yi na daɓen kankare a shimfiɗe daidai da ƙasan koramar, daga gaɓa zuwa gaɓa, a nutsa masa bango cikin yashi ta gaba da ta baya don kada ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, a jera duwatsu cikin ragar waya ta inda ruwa ke sauka, a kafa ginshiƙai gefe da gefe a shafa musu fenti ja da fari da alamar zurfi. Idan ta kawo, ruwa ya bi ta kansa da karansa da itacensa, ba bakin da zai toshe. Da ya ja baya, mota ta wuce a kan daɓe mai tauri maimakon ta kafe a laka. Gaskiya ne a tsakiyar cikar ruwa dole a jira, amma jiran ya ragu ƙwarai, kuma mai ƙetarawa ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ga wata riba kuma: bangon da aka nutsa yana riƙe ruwa a cikin yashin da ke bayansa, masu lambu su samu na ban-ruwa da rani. Inda koramar take da zurfi da ƙunci kuwa, a yi mai kusurwa huɗu da fukafukai da daɓe. Injiniya ya fi ni sanin wanda ya dace, sharaɗina ɗaya ne, ya zo ya taka wurin da ƙafarsa tare da dattawan gari kafin ya ɗauki fensir.

Lokaci kuma shi ne kan maganar. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma a wannan busasshiyar iska sai ana shayar da shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya tsattsage. Ruwan farko yana iya sauka a ƙarshen Mayu. Wanda zai yi aikin da zai tsaya, ya kamata ya auna a Janairu, ya haƙa a Fabrairu, ya gama zuba kankare kafin ƙarshen Afrilu. Mun sha ganin ana kawo tsakuwa da siminti a watan Yuni, hadari na haɗuwa ana kwaɓi, ruwa ya zo ya tafi da rabin aikin, a ce ai ikon Allah ne. A kuma kafa allo a bakin aiki da Hausa, a rubuta abin da za a yi da kuɗinsa da ranar gamawa, don mu san abin da za mu sa wa ido.

Mu dai ba mu naɗe hannu ba. Bayan an gama sussuka mai unguwa ya tara mu, aka yanke kowane magidanci zai kawo amalanke biyu na dutse, aka sa ranar Asabar ta zama ta aikin gayya. Samari sun fara yashe bakin zobban, mata sun ɗauki nauyin ruwan shayar da kankare idan Allah ya kawo shi, an kuma yi magana da masu tifa su matsa can ƙasa da mashigi. Birkiloli biyu ’yan gari sun ce ba za su karɓi ko sisi ba. Abin da ya rage mana siminti ne da rodi da ragar waya, da mai ilmin da zai ce ga inda za a haƙa, ga zurfin da za a kai. Duk injiniyan da ya karanta wannan ya ji zai iya zuwa, na gwamnati ne ko mai neman lada, na bar lambar wayata wurin Edita. Ya yi ƙoƙari ya zo kafin ƙarshen Fabrairu, ya taho da abin awonsa. Yanzu hanya na biyuwa har da ƙaramar mota, masauki da fura kuma namu ne.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙauye a ƙasar Daura, Jihar Katsina.